Yadda Yaƙin Duniya Na Ɗaya Ya Nutse Cikin Rami

Wata Laraba, a shirin da nake karɓar kiran masu saurare bayan labaran duniya, wani dattijo ya bugo waya ya yi mini tambayar da ta fi ƙarfina. Ya ce, "Ɗana, wata nawa ke nan kana karanta mana sunan gari guda a yaƙin Yukiren? Mutanen da ke da jiragen sama da makamai masu linzami, me ya zaunar da su cikin rami kamar gafiya?" Na yi 'yan kame-kame, na ce Baba Allah ya ƙara girma, na saki kiɗa. Kunyar ranar ce ta sa na shiga bincike, binciken kuwa ya kai ni shekarar 1914, lokacin da manyan rundunonin Turai suka fita da niyyar gama yaƙi kafin sanyi ya shigo, suka ɓuge da zaman shekara huɗu cikin laka.

Babu janar ɗin da ya tsara zaman rami. Jamus tana tsakanin abokan gaba biyu, Faransa a yamma, Rasha a gabas. Dabarar da Alfred von Schlieffen ya bar wa sojan Jamus ita ce a murƙushe Faransa cikin mako shida, kafin Rasha ta gama tattara mayaƙanta, sannan a ɗora rundunar a jirgin ƙasa a juya gabas. Iyakar Faransa da Jamus cike take da ganuwowi, don haka aka zaɓi a bi ta Baljiyam, ƙasar da ba ruwanta da rigimar. Ranar 4 ga Agusta 1914 Jamusawa suka tsallaka cikinta, a ranar ce kuma Ingila ta shiga yaƙin. Faransawa su ma da tasu dabarar ta kai farmaki kai tsaye, su ƙwato Alsas da Loren da aka karɓe musu a 1871. Sojojinsu suka fita fili da jan wando da shuɗiyar riga, hafsoshi a gaba. Ranar 22 ga Agusta kaɗai an kashe musu mutum kusan 27,000.

A riƙe wannan adadi, domin shi ne mabuɗin labarin. Mun saba ɗaukar rami a matsayin wurin mutuwa, alhali makonnin farko, lokacin da ake gwabzawa a sarari, sun fi kowane lokaci cin rai a sojan Faransa. Bindiga mai ruwa, wadda kakanninmu suka fara jin amonta a hannun Turawan mulkin mallaka, tana aman harsashi kamar 500 a minti guda. Igwar Faransa mai baki milimita 75 tana harba harsashi 15 a minti ba tare da an sake saita ta ba. Bindigar hannu ma tana kisa daga nisan da ba ka iya gane fuskar mai harbinka. Duk wanda ya miƙe tsaye a gaban wannan wuta ya gama yawo. Sojan da ya fara kartar ƙasa da shebur ransa yake ceto, kuma dabarar ta yi aiki.

Duk da haka, a ƙarshen Agusta kamar Jamus za ta cika alkawarinta. Gwamnatin Faransa ta bar Paris ta koma Bordo a farkon Satumba. Sai dai rundunar da ke fatattakar Faransawa a ƙafa take tafe, cikin zafin bazara, mako bayan mako, kayanta a kan keken doki, layukan dogo kuma an lalata su a gabanta. Babban hafsan Jamus, Helmuth von Moltke, yana zaune a Luksambag, fiye da kilomita 200 daga inda ake fafatawa. A nan ne ni ma'aikacin rediyo na gyara zama. Na'urorin wayar iska na zamanin manya ne masu nauyi, saƙo sai an mai da shi rubutun sirri, a aika, a warware, wani lokaci ya kwana a hanya. Faransawa kuma suna da tasha a kan hasumiyar Eiffel, suna satar jin saƙonnin Jamus suna yi musu katsalandan. Moltke yana ba da umurni a kan labarin jiya. Ya ma cire runduna biyu ya tura gabas don tsoron Rasha, ba su isa ba sai da aka riga aka ci yaƙin Tannenberg.

Janar von Kluck, mai jagorantar ɓangaren dama na Jamus, ya karkata ta gabashin Paris maimakon ya zagaye birnin ta yamma. Janar Joffre da gwamnan sojan Paris, Gallieni, suka hango haƙarƙarinsa a buɗe, suka sare shi a bakin kogin Marne daga 6 ga Satumba. Da Kluck ya juya don ya tare su, sai giɓi mai faɗin kusan kilomita 50 ya buɗe tsakaninsa da rundunar da ke maƙwabtaka da shi, sojan Ingila da na Faransa suka soma kutsawa ciki. Labarin tasi-tasin Paris kusan 600 da suka kwashi sojoji zuwa bakin daga gaskiya ne, kuma yana da daɗin faɗi a rediyo, amma 'yan dubban da suka ɗauka ba su ne suka juya yaƙin mutum miliyan biyu ba. Jirgin ƙasa ne ya yi wa Joffre wannan aiki. Shi kuwa Moltke, da ya rasa gane abin da ke faruwa, sai ya tura wani laftanar kanar, Richard Hentsch, a mota ya je ya gano da idonsa. Ranar 9 ga Satumba Jamusawa suka fara ja da baya. Kwana biyar bayan haka aka sauke Moltke, aka naɗa Erich von Falkenhayn.

Ba su yi nisa ba. Sun tsallake kogin Aisne suka hau wani dogon tudu da ake kira Chemin des Dames, suka ciro shebur. Ingilishi da Faransawa suka biyo su da zaton kora za a ci gaba da yi, suka yi karo da wuta daga sama, su ma suka haƙa nasu a ƙasa. Tun da gaba ta toshe, kowane ɓangare sai ya nemi ya zagaye ɗan'uwansa ta arewa. Ka zagayo, ya tare ka, ku duka ku yi rami, a sake matsawa arewa. Haka aka yi ta yi daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba har ƙasa ta ƙare, aka iske teku. Baljiyawa da suka ga za a cinye ɗan abin da ya rage musu, suka buɗe madatsun ruwa a Nieuwpoort, ruwan teku ya malale filayen kogin Yser. Falkenhayn ya gwada ƙarfinsa na ƙarshe a garin Ypres daga Oktoba zuwa Nuwamba, bai wuce ba. Kafin shekarar ta fita, ramuka sun miƙe daga Tekun Arewa zuwa iyakar Suwizalan, tsawon kusan kilomita 700.

Mu Hausawa gwalalo ba baƙonmu ba ne. Biranenmu na da sun yi ganuwa sun zagaye ta da shi, kuma duk ɗan makarantar allo ya ji labarin Yaƙin Gwalalo a Madina. Amma wancan gari guda yake karewa, mai kawo hari yana iya yi masa ƙawanya ko ya gaji ya tafi. Na 1914 ya raba yammacin Turai gida biyu, ba shi da gefen da za a ɓullo masa, hagu teku, dama duwatsun ƙasar da ba ta cikin yaƙi. Abin da ya rage shi ne a fasa shi ta gaba.

Fasawar ce ta gagara. Gaban kowane rami an shimfiɗa waya mai ƙaya, abin da Amurkawa suka ƙirƙiro a shekarun 1870 don tsare shanu. Kafin soja ya ratsa ta sai igwa ta datse ta. Ruwan igwa na kwanaki kuwa sanarwa ce ga abokin gaba cewa ga inda za a ɓullo, kuma yana mai da ƙasar ta zama kududdufai da taɓo, yadda igwar kanta ba za ta iya bin sojanta ba in ya ci gaba. Mai tsaro yana da layin dogo lafiyayye a bayansa, cikin dare ɗaya zai kawo dubban mutane. Mai hari da ƙafa yake tafe, da kaya niƙi-niƙi a baya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar saƙo. Muddin soja yana cikin raminsa, akwai wayar tarho da ta haɗa shi da manyansa. Da zarar ya haura ya shiga fili, ya zama kurma kuma bebe. Wayar da yake ja a bayansa harsashin igwa ya tsinke ta, babu rediyon da mutum ɗaya zai rataya, sai ɗan aike mai gudu, ko tuta, ko tantabara. A Neuve Chapelle, ranar 10 ga Maris 1915, Ingilishi da sojojin Indiya sun yi ruwan igwa na minti 35, suka fasa layin Jamus, suka kama ƙauyen tun da hantsi. Ƙofa ta buɗe, amma kafin labari ya je baya, umurnin ci gaba ya dawo, yamma ta yi, Jamusawa sun toshe giɓin. A Verdun, cikin Yunin 1916, kwamandan ganuwar Vaux, Manjo Raynal, da tantabararsa ta ƙarshe ya aika neman agaji. Ƙasashen da suka ƙera jirgin ruwa mai nutso ke nan, rayuwar ɗaruruwan mutanensu ta rataya a fiffiken tsuntsu.

Akwai kuma siyasa. Jamus ta zauna a kan kusan dukkan Baljiyam da arewacin Faransa mai kwal da masana'antu. Ita zama ya ishe ta, don haka ta zaɓi tuddai, ta yi ramuka masu zurfi, wasu har mita 10 a ƙarƙashin ƙasa. Faransa kuwa ba gwamnatin da za ta ce wa jama'a a bar wa baƙo ƙasa, dole ita da Ingila su yi ta kai hari. A Somme an yi mako guda ana luguden igwa, harsashi kusan miliyan ɗaya da rabi. Jamusawa suka jira a ƙarƙashin ƙasa, da wuta ta tsagaita suka fito da bindigoginsu. Ranar 1 ga Yuli 1916 Ingila ta yi asarar mutum 57,470 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, 19,240 daga ciki matattu. Bayan wata huɗu da rabi an matsa kamar kilomita 10.

Ba na cikin masu cewa janarorin duk wawaye ne, matsalar da suka tarar ba ta da magani a hannu, sai da aka ƙera tankar yaƙi aka kuma koyi haɗa ta da igwa da jirgin sama. Amma ba zan wanke su tas ba. Tun 1898 wani attajirin banki ɗan Folan, Jan Bloch, ya wallafa littafi yana gargaɗin cewa yaƙi na gaba na ramuka ne da kiki-kaka. Hafsoshin Turai sun je kallon yaƙin Rasha da Japan a 1904 zuwa 1905, sun ga rami da waya mai ƙaya a Port Arthur, suka dawo da darasin cewa mai ƙarfin zuciya yana wucewa. Laifinsu mafi girma, a ganina, shi ne ci gaba da tura mutane makonni bayan ta bayyana cewa farmakin ya mutu.

Cikin waɗanda aka tura har da namu. Faransa ta kwashi samari fiye da 100,000 daga ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka ta kai Turai, da yawa ba da son ransu ba, duk aka yi musu kuɗin goro da sunan sojan Senegal ko daga ina suka fito. Ranar 16 ga Afrilu 1917 Janar Nivelle, wanda ya yi alkawarin fasa layin Jamus cikin kwana biyu, ya sa su a sahun gaba. Gari ya waye da ruwa da ƙanƙara, yatsunsu sun sandare har riƙe bindiga ya gagari wasu, dubbai suka faɗi a kwanakin farko. Makonni kaɗan bayan haka bore ya ɓarke a sojan Faransa, runduna bayan runduna suka ce za su tsare rami amma ba za su sake haurawa ba. Tudun da aka tura 'yan Afirkan su hau shi ne Chemin des Dames, wurin da Jamusawa suka fara soka shebur a Satumban 1914. Wata 31 sun shuɗe, layin yana nan kusan inda aka bar shi.