Ranar da aka mai da Sherlock Holmes mai kisan kai

A watan Disamba na 1893 mujallar Strand ta birnin Landan ta fito da labarin da Arthur Conan Doyle ya yi niyyar rufe littafin Sherlock Holmes da shi. Gwanin bin diddigin masu laifi ya kama kokawa da abokin gabansa Farfesa Moriarty a bakin magangarar ruwa ta Reichenbach, a ƙasar Siwizalan, dukansu biyu suka rufta. Doyle ya gaji da Holmes, yana son ya koma ga littattafan tarihi da yake ganin sun fi daraja. Masu karatu ba su yarda ba. Wasiƙun zagi da na magiya suka yi ta zuwa, har sai da ya sake fito da shi a 1901, sannan a 1903 ya bayyana cewa ashe Holmes bai mutu ba. Tun daga nan aka gane cewa wannan mutumin ƙage ya fi ƙarfin mai shi.

Doyle ya rasu a 1930, ya bar dogayen littattafai 4 da gajerun labarai 56. Masoyan Holmes suka kafa ƙungiyoyi, irin su Baker Street Irregulars a New York a 1934, inda suke wasa da ɗaukar labaran tamkar tarihi na gaskiya, Dakta Watson kuwa shi ne marubucinsu. Wasa ne, amma mai wasa da zuciya ɗaya ba ya son a taɓa masa abin wasansa. Waɗanda suka yi karatu da Faransanci sun san yadda Maurice Leblanc ya yi wa Holmes ba'a a labaran Arsène Lupin, har dole ta sa ya juya sunan zuwa Herlock Sholmès. Wannan tsokana ce ta maƙwabta. Abin da ya zo a shekarun 1970 ya fi haka zafi.

A 1974 Ba'amurke Nicholas Meyer ya wallafa The Seven-Per-Cent Solution. Ya ɗauki abin da Doyle da kansa ya ambata tun 1890, wato allurar koken da Holmes yake yi wa kansa idan ba shi da aiki, ya mai da ita ciwo mai cin hankali. A wannan littafi Moriarty ba sarkin ɓarayi ba ne, tsohon malamin lissafi ne mai tsoro, wanda Holmes ya ɗora wa laifin duniya saboda wani mugun abu da ya faru a gidansu yana yaro. Watson ya yaudare shi zuwa Viyana, wajen Sigmund Freud, don a yi masa magani. Da an tambayi mutum kafin littafin ya fito, sai ya ce masoya za su yi tir. Ba su yi ba. Littafin ya yi watanni cikin jerin waɗanda aka fi saye a Amurka, ya ci lambar Gold Dagger ta marubutan Ingila, a 1976 kuma aka yi fim ɗinsa.

Bayan shekara 4 sai Michael Dibdin, ɗan Ingila, ya fito da littafinsa na farko, The Last Sherlock Holmes Story. Ya haɗa Holmes da kashe-kashen gaske na unguwar Whitechapel a 1888, inda wani da ake kira Jack the Ripper ya yanka mata matalauta, ba a kuwa taɓa kama shi ba. Holmes ya ce wa Watson Moriarty ne mai kisan. Watson ya bi sawu cikin dare, ya leƙa ɗakin Mary Kelly, ya ga abokinsa da wuƙa a hannu. Mai farauta da abin farauta mutum ɗaya ne. Masu sharhin adabi da dama sun yaba da gwanintar rubutun, amma da yawa cikin masoyan Holmes ba su yafe ba, har yau akwai masu kiran littafin cin amana.

Me ya raba littattafan nan biyu, alhali dukansu sun taɓa lafiyar hankalin Holmes? A ganina amsar tana wurin Watson. Mai karatu ba ya shiga cikin kan Holmes. A bayan Watson yake tsayawa, yana mamaki tare da shi, yana yarda da wanda ya yarda da shi. Meyer ya ba Watson aikin jinya, mai karatu ya zama ɗan jinya, ƙauna ta ƙaru. Dibdin ya ce wa Watson, da mu da muke bayansa, duk shekarun nan da mugu kuke cin abinci a akushi ɗaya. An iya jure a ce gwaninka ba shi da lafiya. Da wuya a jure a ce kai ne wawa.

Akwai kuma batun wa yake da iko. A 1975 Agatha Christie ta saki Curtain, wanda ta rubuta tun lokacin yaƙin duniya na biyu ta adana. A ciki Hercule Poirot ya kashe wani mutum da hannunsa, mutumin da ke ingiza wasu su yi kisa ba tare da shari'a ta iya kama shi ba, sannan ya bar maganin zuciyarsa ya mutu. Masu karatu suka yi juyayi, jaridar New York Times ta buga ta'aziyyarsa a shafin farko ranar 6 ga Agusta. Uwa ce ta yanke wa ɗanta hukunci, ba wanda ya ce ta yi shisshigi. Dibdin kuwa baƙo ne a gidan.

Dibdin ya rasu a 2007, bayan ya yi suna da nasa gwanin, Aurelio Zen na Italiya. Labaran Doyle na ƙarshe sun fita daga haƙƙin mallaka a Amurka a farkon 2023, kowa na iya yin abin da ya ga dama da Holmes. Malaman Ingilishi na kwaleji da lise su lura da abu guda: madaba'ar Oxford ta sauƙaƙa littafin Dibdin ta sa shi cikin jerin Bookworms na masu koyon harshen, a mataki na 3. Ɗalibin da ya ɗauko shi daga kanta don ya ga sunan Holmes a bango zai iya haɗuwa da mai wuƙar tun bai taɓa haɗuwa da mai tabarau na ƙara girman abu ba.