Raƙuma Hamsin, Diyyar Hannu Ɗaya

A ƙasar Dambatta, inda gona ke jingine da gona har da damina a rasa wurin ɗaure akuya, hannun manomi shi ne jarinsa. In hannun ya tafi, 'yar gonar gadon ma jingina take komawa. Duk da haka, tun tasowata ban ga mutumin garinmu da ya je gaban alƙali neman diyyar gaɓa ba.

Abin mamakin shi ne hukuncin na nan cikin littafin da muka karanta a zaure. Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan, ta ƙayyade komai: diyyar rai raƙumi 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Hannu ɗaya, ƙafa ɗaya ko ido ɗaya, rabin wannan. Yatsa raƙumi 10, haƙori 5. Wanda aka karya wa gadon baya ko aka gusar masa da hankali, diyya cikakkiya, kamar an kashe shi. Inda na fi jinjina wa Malikiyya shi ne mai ido ɗaya: in aka tsiyaye wanda ya rage masa, cikakkiya zai karɓa, don ganinsa duka aka ɗauke. Kuma ba a yanke hukunci sai rauni ya warke, an ga iyakar ɓarnar. In kuskure ne, kuma ya kai sulusin diyya, dangin uban mai laifi ne ke haɗa kuɗin, a biya kashi-kashi, cikakkiyar a shekara uku.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, sun hana yanke gaɓa amma sun bar alƙalai da majalisar sarki. Rubutattun shari'un majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara, suna nuna talakawan karkara na kai ƙarar gona da sata da jini har fada. Dokar Final Kod ta 1960 ta fitar da laifuka daga hannun fiƙihu, zuwa 1968 kotunan sarakuna sun tafi, kotunan yanki sun maye gurbin na alƙalan En'e. Kisasi da diyya sun dawo cikin dokar Kano a 2000. A takarda dai.

Babbar shari'ar naƙasa da Kanawa suka gani ta samo asali ne daga annobar sanƙarau ta 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka kurumce ko suka shanye. Kamfanin ya ce cutar ce ta jawo. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, sannan a 2011, bayan gwajin ƙwayoyin halitta, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne. Shekara 15, alhali gwamnati ce ke ƙara.

To ina ga yaron da injin casa ya cinye wa hannu, ko wanda mota ta kaɗe a hanyar Daura ranar kasuwa? Dattawa za su zo gida bayan magariba, mai injin na raɓe a baya. "Malam, a yi haƙuri, tsautsayi ne." Uban ya sunkuyar da kai ya ce ya yafe, a ba da kuɗin magani da buhun gero, a shafa fatiha. Yafiya alheri ce, ban musa ba. Amma a irin wannan zama ban taɓa jin limami ya fara gaya wa uban cewa ɗansa na bin raƙumi 50 ba. Dangin da ya kamata su haɗa kuɗin sun watse ci-rani, takardar inshorar direba ta nuna wa ɗan sanda ce, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuwa ba ta san da yaron da ake sallama da mudun masara ba.