Kuɗin da Ba Ya Sayen Bulo: Tallafin Horar da Ƙungiyoyin Gidaje a Amurka

A cikin kasafin Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane ta Amurka, wadda aka kafa a 1965, akwai wani ɗan kaso da ba a ware shi domin sayen bulo ko siminti ba. Ana kiransa Sashe na 4, saboda daga sashe na huɗu na wata dokar 1993 ya samo asali, kuma amfaninsa shi ne horar da ƙungiyoyin unguwa masu gina wa talakawa gidaje da ƙarfafa musu gwiwa. Kuɗin bai taka kara ya karya ba: ya yi shekaru yana tsaye a kan dala miliyan 35, a ma'aikatar da ke kashe biliyoyi. Duk da haka, a kasafin 2018 gwamnatin Donald Trump ta nemi a soke shi, majalisar dokokin ƙasar ta ƙi. A ganina majalisa ta yi daidai, amma masu kare shirin su ma suna da tambayar da ya kamata su amsa: idan an gama horon, a hannun wa ilimin yake zama?

Gwamnati ba ta miƙa kuɗin ga ƙungiyoyin kai tsaye. Yana bi ta hannun manyan cibiyoyi uku: LISC, wadda Gidauniyar Ford ta assasa a 1979, da Enterprise, wadda James Rouse da matarsa Patty suka kafa a 1982, sai Habitat for Humanity. Sharaɗin shi ne duk dala ɗaya ta gwamnati sai an haɗa ta da dala uku daga wasu kafofi masu zaman kansu.

Ƙungiyoyin farko da himma suka fara, ba da ƙwarewa ba. A 1968, a birnin Pittsburgh, wata mata baƙar fata mai suna Dorothy Mae Richardson ta tara maƙwabtanta suka matsa wa bankunan da suka juya wa unguwarsu baya, har cibiyoyin kuɗi 16 suka amince su ba da rancen gyaran gidaje. Salon nata ne majalisa ta mayar da shi hukuma a 1978, wadda a yau ake kira NeighborWorks America. A wancan zamani abin da ake buƙata shi ne wanda ya san kowane gida a layi, kuma bai jin tsoron manajan banki.

Dokar haraji ta 1986 ce ta sauya aikin gaba ɗaya. Ta ƙirƙiro rangwamen haraji ga masu zuba jari a gidajen haya na masu ƙaramin ƙarfi, kuma daga nan akasarin irin waɗannan gidaje suke samun kuɗi. Mu ɗauka wata ƙungiya tana son gina gidaje arba'in a wani kango. Tun kafin a haƙa harsashi sai ta ba da kafin alƙalami a kan filin, ta biya mai zanen gini da lauya, ta biya a gwada ƙasar wurin ko akwai guba, sannan ta shiga gasar neman rangwamen a hukumar gidaje ta jiha, inda tana iya faɗuwa bayan duk wannan ɗawainiya. In ta ci, sai ta haɗa kuɗi daga wurare da dama, kowanne da nasa sharuɗɗan da ranar rufe rahotonsa. Bayan an tare, akwai shekara 15 na sa ido, inda fayil ɗin kowane ɗan haya dole ya nuna cewa samunsa bai wuce iyakar da doka ta gindaya ba. Kuskure a waɗannan takardu na iya sa hukumar haraji ta ƙwace rangwamen daga mai jari. Wannan aikin akawu ne da manajan kadara, kuma masu ba da agaji, da suka fi son a ga sunansu a jikin bango, ba kasafai suke son biyan albashin akawu ba.

An ga abin da rashin ƙwarewa ke haifarwa. A 2011 jaridar Washington Post ta binciki wani shirin gidaje na ma'aikatar mai suna HOME, wanda wata dokar 1990 ta kafa, ta gano ayyuka kusan 700 da aka ba dala miliyan 400 sun tsaya cik. Shirin ya tanadi aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kuɗinsa ga ƙungiyoyin unguwa, kuma a 2013 ma'aikatar ta tsaurara ƙa'ida: sai ƙungiya tana da ma'aikaci mai albashi wanda ya san aikin, 'yan sa kai kaɗai ba za su wadatar ba. Gwamnatin da ta ɗora wannan kaya a kan ƙananan ƙungiyoyi, wajibinta ne ta kama musu. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta Sashe na 4.

Sai dai akwai ƙorafin da ba za a yi watsi da shi ba. Tun 1997 masanin zamantakewa Randy Stoecker ya nuna cewa irin waɗannan ƙungiyoyi kan maƙale tsakanin masu jari da jama'ar da suka haife su. Ƙungiyar da jiya take jagorantar 'yan haya zuwa ƙofar mai gida, yau ita ce mai gidan, ita ke aika takardar tashi ga wanda ya kasa biya. Horon da ya tsaya a kan lissafi da cike fom yana ƙara hanzarta wannan rikiɗa, domin yana samar da ƙwararrun da suke jin yaren banki fiye da kukan unguwa. Matashin da aka horar kuma, da zarar ya goge, banki ko babban kamfanin gini ya ninka masa albashi, sai a wayi gari ya tafi da ilimin a kansa.

Ƙa'idar HOME ta tanadi cewa aƙalla sulusin kujerun kwamitin gudanarwar ƙungiya na wakilan masu ƙaramin ƙarfi ne. Amma kujera ba ta da amfani ga dattijuwar da aka ajiye wa rahoton kuɗi mai shafi talatin a gabanta ba tare da an taɓa koya mata karanta shi ba. Sai dai ta ɗaga hannu tare da sauran. A nan nake ganin ya kamata kuɗin horo ya fi sauka, tare da tallafin albashi na shekaru da dama a jere, wanda zai sa ma'aikaci ya zauna, maimakon taron bita na kwana biyu a otal.

Sharaɗin dala uku ma yana da nasa illa. Ana samun irin wannan kuɗi cikin sauƙi a New York ko Chicago, inda hedikwatocin bankuna da gidauniyoyi suke. A tsaunukan Appalachia, da ƙauyukan gaɓar kogin Mississippi, da yankunan ƙabilun asalin ƙasar, inda gidaje suka fi lalacewa, da wuya a sami wanda zai ba da ko dala ɗaya. Majalisa takan keɓe aƙalla dala miliyan 5 na Sashe na 4 domin karkara, abin da ke nuna ta san da matsalar, amma adadin ya yi kaɗan ƙwarai ga yankunan da wata ƙungiyar ma'aikaci ɗaya tak take da shi, shi ne shugaba, shi ne akawu, shi ne mai zagayen duba gini.