Tausayin Kirista da Jiyyar Kutare a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Masu rubuta tarihin karatun boko da harshen Hausa sukan fara da makarantun gwamnati da ofisoshin fassara, su gangaro zuwa taron Bamako na 1966 inda aka daidaita haruffa, da makarantar gwaji da aka buɗe a Damagaram cikin 1973. Akwai wani aji da ba a cika ambatonsa ba, watau wanda ya zauna a zangon kutare na ƴan mishan, inda mutanen da cuta ta cinye wa yatsu suka koyi riƙon alli. Wannan aji ya samo asali ne daga aƙidar Kirista ta tausayi da tawali'u da kula da mabukata. Tarihinsa yana nuna cewa taimako ba ya kama ƙasa sai mai bayarwa ya sauko inda mai karɓa yake, ya yi magana da harshensa, yana kuma nuna inda taimakon yakan yi tuntuɓe in an ɗaura masa sharaɗi.

Kuturu a idon Bahaushe

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan cuta, harshensa kuwa ya ajiye shaida. Akwai kuturta, kuturu, kuturwa da kutare. Akwai kuma albaras, kalmar da aka aro daga Larabci, wadda ake faɗi ga tabon da ke sauya launin fata, wani lokaci kuma a sakaya sunan cutar da ita don kada a kunyata mai ita. A manyan birane kutare suna da unguwarsu da sarkinsu, Sarkin Kutare, kamar yadda makafi da guragu suke da nasu. Suna aure, suna haihuwa, suna da rabo a cikin zakka da sadaka. Karin maganar nan ta kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano, ta nuna cewa ƙyama tana nan, amma ba ta kai ga hana shi shiga kasuwa ba.

Ashe ke nan ƴan mishan ba su tarar da ƙasar da ba ta san jinƙai ba. Musulunci da al'ada sun riga sun yi wa kuturu gurbi a cikin jama'a. Abin da babu shi ne magani. Sadaka tana ciyar da kuturu, ba ta warkar da gyambonsa, gurbin da aka ba shi kuwa na bara ne har ƙarshen ransa.

Tushen aƙidar

Kula da kutare yana da matsayi na musamman a wurin Kirista. Linjila ta ba da labarin yadda Yesu Almasihu, wanda Musulmi suke kira Annabi Isa, ya miƙa hannu ya taɓa kuturu a zamanin da shari'ar Yahudawa take ɗaukar kuturu marar tsarki. Ta kuma ba da labarin yadda ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawa ne yake yi a wancan zamani, da misalin Basamariyen da ya tsaya ya ɗaure raunin baƙon da ƴan fashi suka yasar a hanya bayan malaman addini sun ratse sun wuce. Daga nan Kirista suka ɗauki cewa hidimar marar lafiya ibada ce, kuma ba ta cika sai da ƙanƙan da kai. Alƙur'ani ma ya ambaci cewa Annabi Isa ya warkar da kuturu da izinin Allah, kalmar da ta zo a wurin kuwa tushenta ɗaya da albaras.

Aƙidar ta haifi ayyuka tun da wuri. Wajen shekara ta 370, Basil, bishop na Kaisariya a ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya, ya gina babban masauki na matalauta da majiyyata, har da kutare. Faransis na Asisi a Italiya, wanda ya rasu cikin 1226, ɗan attajiri ne da ya bar dukiya ya shiga wanke kutare. Cikin 1873 wani fada ɗan Beljiyam mai suna Damiyan ya tare a tsibirin Molokai na Hawai, inda hukuma take jibge masu cutar. Ya zauna da su shekara 16, ya kamu da cutar, ta zama ajalinsa cikin 1889. A shekarar da ya isa tsibirin ne likita Hansen na Norway ya gano ƙwayar da ke kawo kuturta, a shekara ta gaba kuma, 1874, Wellesley Bailey ɗan Ailan ya kafa ƙungiyar mishan ta kutare saboda abin da ya gani a Indiya.

Isowar aikin ƙasar Hausa

Ƙungiyar da ta fi ɗaukar wannan aiki a ƙasar Hausa ita ce SIM. Mutum uku ne suka fara ta cikin 1893, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent. Biyu na ƙarshe sun mutu cikin 1894 ba su ga amfanin tafiyarsu ba. Da Ingilishi suka ci daular Sakkwato cikin 1903, suka yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, saboda haka aka daɗe ana tsare ƴan mishan daga ƙasashen sarakunan Musulmi. Kuturta ce ta buɗe musu ƙofa. Gwamnati ba ta da isassun likitoci ko kuɗin ɗaukar nauyin masu cutar, don haka wajen ƙarshen shekarun 1930 aka danƙa wa SIM zangunan kutare na larduna, irin su Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato.

A Nijar, SIM ta sauka Damagaram cikin 1924, daga baya ta zauna a Tsibiri da Maraɗi. Turawan Faransa ba su saki jiki da ita ba, domin ma'aikatanta masu jin Ingilishi ne, kuma da Hausa suke aiki, ba da Faransanci ba. Duk da haka cikin 1950 likita Burt Long da matarsa Ruth suka buɗe asibitin Galmi, tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, cikin 1956 kuma aka buɗe zangon kutare na Danja, kudu da Maraɗi.

Magani da tawali'u

A farkon al'amari maganin da ke hannu shi ne man wani itacen Indiya da ake yi wa majiyyaci allura da shi. Allurar tana da zafi, amfaninta kaɗan ne. Saboda haka yawancin aikin na hannu ne: wanke gyambo kowace safiya, yanke mataccen nama, naɗa bandeji, ɗinka takalmin da zai kare ƙafa. A nan ne tawali'u ya fita daga wa'azi ya zama aiki, domin Baturen da jama'a suka saba gani a kan doki ko a kujerar kumandan, shi ne aka gani durƙushe gaban ƙafar almajiri.

Kusantar nan ta jawo ilimi. Likitan mishan Paul Brand, da yake aiki a Indiya, ya nuna cewa yatsun kuturu ba haka kawai suke guntulewa ba. Ƙwayar cutar tana kashe jijiyar jin zafi ne, sai mutum ya taka ƙaya ko ya ɗauki tukunya mai zafi bai sani ba, raunin ya ruɓe. Wajen ƙarshen shekarun 1940, likita John Lowe ya tabbatar a zangon Uzuakoli na gabashin Nijeriya cewa ƙwayar dafson, mai araha, tana maganin cutar in an haɗiye ta. Cikin 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, daga 1995 kuma aka fara rarraba su kyauta. Yau ana warkewa cikin wata 6 zuwa 12, an kuma san cewa jikin yawancin mutane ba ya kamuwa da cutar ko kaɗan. Zaman zango na shekaru ya ƙare. Danja ta zama cibiyar lafiya ta kowa, cikin 2012 kuma aka buɗe asibitin mata masu yoyon fitsari a wurin.

Alli a hannun kuturu

Kafin wannan sauyi, majiyyaci yakan shekara da shekaru a zango, yana noma, yana jiran sauƙi. Ƴan mishan na Furotesta kuwa aƙidarsu ce kowa ya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa, fassararsa cikakkiya da Hausar boko ta fito tun 1932. Don haka kowane zango ya zama makaranta. Wannan yana da nauyi musamman a Nijar, inda makarantar gwamnatin mallaka ba ta koyarwa sai da Faransanci, karatun Hausa kuwa na ajami ne a hannun malamai da almajiransu. Wasu daga cikin waɗanda suka koyi karatu a zango sun zama ma'aikatan jiyya, masu rubuta sunayen majiyyata da ƙidayar ƙwayoyi, watau wanda ya shigo yana bara ya fita da sana'a.

Abin lura ga masanin harshe shi ne masu fassara ba su ƙirƙiro kalmomin aƙidarsu ba, sun tarar da su. Tausayi da jinƙai Hausa ce tsantsa. Rahama da sadaka da tawali'u Musulunci ne ya kawo su daga Larabci, tawali'u ma yana ɗauke da irin sauyin sautin da ake ji a cikin alƙali da alwala da lalura. Da kalmomin da Bahaushe ya riga ya sani aka bayyana masa tausayin Kirista, shi ya sa ya fahimci aikin ko da bai karɓi addinin ba.

Inda aka sami saɓani

Tarihin bai rasa ƙura ba. Ƴan mishan ba su ɓoye cewa burinsu na ƙarshe shi ne mutane su bi Almasihu ba, magani da wa'azi kuwa a wuri ɗaya ake ba da su. Wanda ba shi da wata ƙofar samun magani, da wuya a ce da cikakken zaɓinsa yake zaune a wurin wa'azi. An fi samun gardama a kan yara, musamman jariran da ake raba su da iyaye masu cutar don kare lafiyarsu, su tashi a hannun mishan. Sarakuna da malamai sun yi tsaye a kan wannan batu, ya kuma sa wasu iyaye suka haɗa boko da barin addini a zukatansu, zargin da ma'aikatan yaƙi da jahilci suka gada ba su ji ba su gani ba. A ɗaya gefen, yawancin majiyyata sun sha magani sun koma gida da Musuluncinsu, ba a kuma bar yi musu jiyya saboda haka ba. Asibitin Galmi ya haura shekara 70 yana aiki a tsakiyar Musulmi.

Kammalawa

Masu tsara yaƙi da jahilci suna da abin ɗauka a nan. Kutare sun koyi karatu ne a wurin da aka fara da ciwon da ke damunsu, aka yi musu magana da Hausa, malamin kuma bai ji ƙyamar zama tabarma ɗaya da su ba. Karatun ya zauna domin ya kai su ga aiki. Inda aka yi zargin cewa taimakon yana da wata manufa a bayansa kuwa, mutane sun karɓi magani sun ƙi alli. Ya kamata manazarta su hanzarta tattara labarin tsofaffin da suka zauna a Danja da ƴaƴansu, da littattafan koyon karatu da aka yi amfani da su a wurin, tun masu labarin suna da rai.