Yadda Aka Koyi Motsa Haƙori: Tarihin Waya da Robar Jera Haƙora

A hutun Sallar da ta wuce na je gida Dodoru, a ƙaramar hukumar Gwandu, na tarar ana muhawara a tsakar gida. Wata ƙanwata 'yar shekara 17 ta ga 'yan mata a TikTok da waya mai ƙyalli a haƙoransu, ta dage ita ma sai an sa mata don ta rufe wushiryarta. Kakarmu na zaune a tabarma, ta ɗago kai ta ce, "Ke ɗiyar ga, mi yas same ki? Wushiryar da wasu ka zuwa a sassaƙa musu, ita za ki toshe?"

Aka yi dariya. Ni kam dariyata ta tsaya bayan sallar isha'i, lokacin da yarinyar ta ja ni gefe ta nuna mini 'yar robar kitso da take ɗaure haƙoranta biyu na gaba da ita idan za ta kwanta. "Yaya, kwana huɗu kawai na yi, kuma har sun fara matsowa," in ji ta.

Gaskiya ta faɗa, sun fara matsowa, kuma nan ne haɗarin yake. Haƙori ba shi da wuyar motsawa. Abin da ya ɗauki masana kusan shekara 300 suna koyo shi ne yadda za a motsa shi ba tare da an kashe shi ba.

Daga yatsa zuwa ƙarfe

Tun a ƙarni na farko miladiyya, wani marubucin Rum mai suna Celsus ya ba da shawarar cewa idan sabon haƙorin yaro ya fito a karkace, a riƙa tura shi da yatsa kullum har ya koma layi. Ke nan mutanen da sun lura cewa turi kaɗan, idan ya dawwama, yana gusar da haƙori. Dalilin ne ba su sani ba.

A 1728, wato shekara 26 kafin haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wani likitan Faransa mai suna Pierre Fauchard ya wallafa littafin da ake ɗauka a matsayin tushen ilimin haƙori na zamani. A ciki ya bayyana wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa kamar kofaton doki, mai ƙananan huji. Ana jingina shi da haƙora, sai a ɗaure kowane karkataccen haƙori da zare a jawo shi zuwa jikin ƙarfen. Wannan shi ne kakan wayar da ƙanwata ta gani a bidiyo. Aikin yana da zafi, kuma kan haƙorin kawai yake karkatarwa, saiwar tana nan inda take.

Mutumin da ya ware masa fanni

Wanda ya mai da jera haƙora fanni mai zaman kansa shi ne Edward Angle, Ba'amurke da aka haifa a 1855 ya rasu a 1930. A 1899, shekara 4 kafin Turawa su ci Sakkwato, ya kasa matsalolin cizo gida uku, ta hanyar duba yadda turmin haƙori na farko na sama yake zama a kan na ƙasa. A kashi na farko turamen sun zauna daidai amma sauran haƙoran sun cunkushe ko sun karkace. A na biyu haƙoran ƙasa sun koma baya, shi ya sa na sama suke turo leɓe. A na uku na ƙasa ne suka yi gaba, haɓa ta fito. Har gobe da wannan rabon likitoci suke rubuta bayanin mara lafiya, a Kano ko a Landan.

A 1900 ya buɗe makaranta a birnin St. Louis don koyar da wannan aiki kaɗai. A 1928 ya fito da tsarin da ya canza komai: kowane haƙori a sa masa ɗan ƙarfe mai tsaga mai kusurwa huɗu, sannan a zura waya mai kusurwa huɗu ta cikin tsagar. Tunda wayar ba za ta iya juyawa a cikin tsagar ba, likita ya samu ikon sarrafa har da saiwar haƙori.

Angle yana da taurin kai a kan abu guda: ya yi imani kowane baki zai ɗauki haƙoransa 32 duka, don haka bai yarda a cire ko ɗaya ba. Wani ɗalibinsa, Charles Tweed, ya bi wannan koyarwa shekaru, sai ya ga haƙoran marasa lafiyarsa da yawa suna sake cunkushewa, wasu kuma bakinsu ya turo gaba. Ya sake kiran su, ya cire wasu ƙananan turame don a samu fili, ya sake aikin daga farko. Sakamakon da ya nuna a shekarun 1940 ya juya ra'ayin likitoci da dama. Har yanzu ana jayayya a kan yaushe ya kamata a cire haƙori, amma an daina ɗaukar amsa ɗaya ga kowane baki.

Akwai kuma abin da ya shafi maganar kakarmu. Ma'aunin kyawun fuska da Angle ya riƙa yabawa shi ne wani gunkin Girkawa na Apollo. Wato a cikin abin da aka kira "daidai" akwai lafiya, akwai kuma ɗanɗanon mutanen da suka rubuta littattafan. A ƙasar Hausa da sassa da dama na Afirka ta Yamma wushirya ado ce, kuma idan dasashi lafiya lau yake, cizo ma daidai, babu wata cuta a cikinta.

Me ke faruwa a cikin ƙashi?

Yayin da Angle ke fama da ƙarafa, wani mai bincike a ƙasar Suwidin, Carl Sandstedt, ya ɗaura wa karnuka na'urar tura haƙori, daga baya ya duba ƙashin muƙamuƙinsu a madubin ƙara girma. Abin da ya wallafa a 1904 da 1905 shi ne amsar tambayar da ta gagari Celsus.

Haƙori ba a kafe yake a ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashi akwai wata siririyar shimfiɗa ta zaruruwa da ƙananan jijiyoyin jini, kaurinta kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Idan aka tura haƙori a hankali, shimfiɗar tana matsewa a gefen da ya nufa, sai wasu ƙwayoyin halitta su zo su riƙa cinye ƙashin wurin. A ɗaya gefen kuma, inda zaruruwan suka miƙe, wasu ƙwayoyin su riƙa gina sabon ƙashi. Kamar mai katangar ƙasa ne da ke son gusar da ƙofarsa: yana rushe gefe ɗaya, yana cike ɗayan. Wayar nuna hanya kawai take yi, jiki ne ke aikin ginin, kuma gininsa ba ya wuce kusan milimita ɗaya a wata.

Sandstedt ya kuma ga abin da ke faruwa idan turin ya yi yawa: jini ya daina shiga wurin, naman ya mutu, haƙorin ya tsaya cak har sai an share mataccen wurin. A 1932 wani likitan Ostiriya, Martin Schwarz, ya kawo ƙa'idar cewa turin da ya dace kada ya fi ƙarfin bugun jini a waɗannan ƙananan jijiyoyi. Turi mai tsanani yana iya jawo saiwar haƙori ta zaizaye ta gajarce, abin da ba ya dawowa. Hausawa sun riga sun faɗa: sauri ya haifi nawa.

Manne da waya mai tuna siffarta

Har tsakiyar ƙarni na 20, ana zagaye kowane haƙori da zoben ƙarfe ne, da farko na zinare, daga baya na ƙarfen da ba ya tsatsa. A 1955 Michael Buonocore ya nuna cewa idan aka shafa wa fuskar haƙori asid mai rauni na ɗan lokaci, tana yin ƙananan ramuka da manne zai kama. Zuwa shekarun 1970 an koma liƙa 'yan ƙarafan kai tsaye a fuskar haƙori, kamar yadda muke gani yau.

Waya ma ta canza. A wajen 1960, a wani ɗakin bincike na sojan ruwan Amurka, William Buehler ya haɗa ƙarafan nikel da taitaniyam ya samu wanda ake kira Nitinol, mai komawa siffarsa ta asali bayan an lanƙwasa shi. Wani likitan haƙori a Jami'ar Iowa, George Andreasen, ya shigo da shi aikin jera haƙora a farkon shekarun 1970. Ana lanƙwasa wayar ta bi karkatattun haƙora, ita kuma tana ta ƙoƙarin komawa siffarta, tana jan su da ƙarfi kaɗan na tsawon makonni. Daidai irin turin da Schwarz ya nema ke nan.

Robar da ba a gani

Tunanin jera haƙora da roba ya girmi kwamfuta. A 1945 Harold Kesling ya ƙera wata roba da ake cizawa don kammala jeri bayan an cire waya, ya kuma yi hasashen cewa da za a yi jerin irinta, kowace ta ɗan bambanta da ta baya, za a iya yin aikin duka da su. Matsalar ita ce kowace sai an sassaƙa ta da hannu.

A 1997 wasu ɗalibai biyu a Jami'ar Stanford, Zia Chishti mai asali da Pakistan da Kelsey Wirth, suka kafa kamfanin Align Technology. Babu likitan haƙori a cikinsu. Dabararsu ita ce a ɗauki siffar baki a kwamfuta, a tsara tafiyar kowane haƙori mataki-mataki, sai inji ya fitar da kwanson roba garai-garai na kowane mataki. Invisalign ya shiga kasuwa a 1999. Kowane kwanso yana gusar da haƙori kusan rubu'in milimita, ana sa shi mako ɗaya zuwa biyu, awa 20 zuwa 22 a rana. Za ka ci tuwo, ko goro, ko ka sha shayi, sai ka cire, ka wanke baki, ka mayar.

To wanne ya fi? Ya danganta da bakin. Roba tana da kyau ga cunkoso ko tazara marar tsanani, kuma goge baki ya fi sauƙi da ita. Amma idan ana son juya haƙori mai zagaye, ko gusar da saiwa da nisa, waya ta fi iko. Roba kuma ba ta aiki a aljihu: wanda ba zai jure sa ta ba ya yi asarar kuɗinsa. Kowanne aka yi, yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, kuma bayan an gama sai an ci gaba da sa abin riƙewa, domin haƙora suna son komawa mazauninsu na da. Wushirya tana cikin masu saurin dawowa.

An taɓa gwada cire likita daga tsakani. Kamfanin SmileDirectClub, wanda aka kafa a Amurka a 2014, ya riƙa aika wa mutane roba har gida ba tare da sun zauna gaban likita ba. Ƙungiyoyin likitocin haƙori sun yi ta suka a kan haka. A Disambar 2023 kamfanin ya rufe bayan ya karye, ya bar mutane a tsakiyar aiki babu mai duba su.

A nan gida

Makarantar koyar da likitancin haƙori ta farko a Najeriya an buɗe ta ne a Jami'ar Legas a 1966. Ƙwararren mai jera haƙora sai ya gama wannan digiri, sannan ya ƙara wasu shekaru na horo a asibitin koyarwa. Irinsu kaɗan ne, kuma yawanci a manyan birane suke. A arewa, Jami'ar Bayero tana da tsangayar likitancin haƙori da ke aiki da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Mutumin Dodoru ko Kalgo zai fara ne da likitan haƙori a Birnin Kebbi ko Sakkwato, wanda zai duba dasashi, ya ɗauki hoton ƙashi, ya ce ko akwai buƙatar a tura shi gaba. Ga kuɗin aiki, ga kuɗin mota duk bayan 'yan makonni na tsawon shekara biyu.

Wannan nisan da tsadar su ne suke buɗe ƙofa ga wayar ado da ake sayarwa a intanet ana liƙawa a shago. Ba mu ne muka fara ganin ta ba: ƙasar Tailan ta hana sayar da ita tun 2006. Waya ba ta san cewa don ado aka sa ta ba. Muddin tana manne tana turi, ƙashi zai amsa, haƙori zai tafi inda babu wanda ya tsara.

Robar kitso ta fi ta haɗari. Saiwar haƙori tana tsukewa ne zuwa ciki, don haka robar tana iya zamewa ta shige ƙarƙashin dasashi cikin barci, ta riƙa bin saiwar tana lalata zaruruwan da ke riƙe da haƙorin. Mai ita ya zaci ta faɗi ne. Likitoci sun rubuta rahotannin yaran da suka rasa haƙoran gaba biyu ta wannan hanya. Iyaye kuma su sani: tazarar da ke bayyana a haƙoran gaba bayan famfara sau da yawa tana rufewa da kanta idan fiƙoƙi suka fito, wajen shekara 11 zuwa 12.

Ƙanwata ta miƙo mini robar a daren. Bayan Sallah aka kai ta Birnin Kebbi, likita ya duba ya ce dasashin ya ɗan kumbura amma babu abin da ya lalace, cizonta kuma daidai yake. Ya ce idan ta girma ta ga har yanzu tana son rufewa, akwai hanyar yi, sai dai ta shirya sa abin riƙewa na shekaru. Da suka dawo ta ba kakarmu labari, tsohuwa ba ta ce komai ba, ta dai ɓare goro ta miƙa mata rabi. Zuwa yau wushiryar tana nan.