Tarihin Ƙungiyar Karismatik a Ikilisiyar Katolika da Yadda Aka Tsara Ta

Ƙungiyar sabuntawa ta Karismatik a Ikilisiyar Katolika, wadda ke ɗora muhimmanci a kan baye-bayen Ruhu Mai Tsarki irin su magana da harsuna da annabci da addu'ar warkarwa, ta samo asali ne a watan Fabrairu na shekarar 1967, lokacin da wasu malamai da ɗaliban Jami'ar Duquesne da ke birnin Pittsburgh a Amurka suka keɓe kansu domin addu'a da nazarin Littafin Ayyukan Manzanni. Da yawa daga cikinsu sun dawo suna shaida cewa sun sami abin da ake kira baftisma cikin Ruhu Mai Tsarki, wato farkawar alherin da mutum ya riga ya karɓa tun a baftismarsa, wanda malaman Katolika suka nace cewa ba wani sabon sakramenti ba ne da aka ƙara a kan guda bakwai ɗin da aka sani.

Lamarin bai zo haka kawai ba, domin 'yan Fentikos, waɗanda tafiyarsu ta bunƙasa daga titin Azusa a birnin Los Angeles tun 1906, sun daɗe da wannan salon ibada, kuma ta hannun littattafansu da tarukan addu'arsu ne malaman Duquesne suka fara saninsa. Sai dai abin da ya buɗe masa ƙofa a cikin Ikilisiyar Katolika shi ne Babban Taron Vatican na Biyu, wanda aka gudanar daga 1962 zuwa 1965, inda aka tabbatar da cewa Ruhu yana raba baye-bayensa ga masu bi na kowane matsayi, amma tantance sahihancinsu yana hannun shugabannin Ikilisiya. Cikin 'yan watanni tafiyar ta kai Jami'ar Notre Dame da jihar Michigan, inda Ralph Martin da Steve Clark suka kafa wata al'umma a garin Ann Arbor, kuma daga can ne aka tsara darussan mako bakwai na shirya sababbin shiga, waɗanda har yau ake amfani da su a majami'u, har da na Nijeriya.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazari shi ne yadda Ikilisiyar da aka sani da tsauri wajen tsari ta rungumi tafiyar da ba ta da wanda ya kafa ta, ba ta kuma da rajistar mambobi. Babban yabo a nan na Kadinal Leo Joseph Suenens na Beljiyam ne, wanda ya tsaya tsakanin bishop-bishop masu fargaba da matasa masu zafin kishi, ya kuma jagoranci rubuta takardun Malines da suka fayyace tauhidin tafiyar tun daga 1974. A shekarar 1975 Paparoma Paul na Shida ya karɓi kimanin mutum 10,000 daga cikin mabiyan tafiyar a Majami'ar Bitrus Mai Tsarki da ke Roma, abin da ya kawar da shakkun da yawa.

Tsarin shugabanci ya biyo baya sannu a hankali. Ƙaramin ofishin sadarwa da aka buɗe a Ann Arbor a 1972 ya koma Brussels, daga baya Roma, har Fadar Vatican ta amince da shi a 1993 da sunan ICCRS, yayin da al'ummomin da mambobinsu ke ɗaukar alkawarin zama tare suka sami nasu zauren tun 1990. Paparoma Francis ne ya haɗe biyun a ranar Fentikos ta 2019 ƙarƙashin wata sabuwar hukuma mai suna CHARIS, wadda aka ba ta aikin hidima da haɗa kai, ba tare da ikon mulkin kowace ƙungiya ba. Wannan hukunci ya dace da asalin tafiyar, domin ƙarfinta yana ga ƙaramin taron addu'a na mako-mako, wanda ke ƙarƙashin kulawar fadan majami'arsa da bishop na yankinsa.