Tarihin Manufar Ci Gaba Mai Ɗorewa: Daga Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya Zuwa Ƙasar Lafiya

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta bi diddigin manufar da masana ke kira ci gaba mai ɗorewa, wato inda ta samo asali, da yadda ta shigo cikin dokokin Nijeriya, sannan a auna ta da abin da ke gudana a Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa. An zaɓi ƙasar Lafiya ne domin ta haɗa abubuwa uku da manufar ke magana a kansu: daji, da ƙasar noma, da ma'adinai.

2.0 Asalin Manufar

Tunanin ya girmi sunan da ake kiransa da shi. A shekarar 1713 wani jami'in kula da haƙar azurfa a yankin Saksoni na ƙasar Jamus, mai suna Hans Carl von Carlowitz, ya wallafa littafi a kan kiwon daji. Abin da ya dame shi kuwa shi ne, narka azurfa yana cin itace fiye da yadda dajin ke tsirowa, idan kuma itace ya ƙare to haƙar ma ta tsaya ke nan. Saboda haka ya ba da shawarar kada a sari abin da ya wuce wanda dajin zai iya mayarwa. Abin lura a nan shi ne, tsoron karyewar sana'a ne ya haifi manufar tun farko.

Manomin ƙasar Hausa bai jira Bature ya koya masa wannan ba. Yakan bar gona ta zama saura har ta huta, ba ya kuma sare kaɗanya ko ɗorawa idan yana sharar gona. Sarakuna sukan keɓe hurumi a gefen gari, su fitar da burtali domin shanu su wuce ba tare da sun yi ɓarna ba. Sai dai wannan tsari ya dogara ne a kan yalwar ƙasa da ƙarancin jama'a, kuma duka biyun sun sauya.

Duniya ba ta zauna a kan batun ba sai a watan Yuni na 1972, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taro a Istokholm, babban birnin Suwidin, inda ƙasashe 113 suka halarta. A nan aka ja daga. Ƙasashe masu masana'antu sun zo da kukan gurɓatar iska da ruwa, ƙasashe matalauta kuwa suka ga kamar ana so ne a hana su hawa tsanin da wasu suka riga suka hau. Firayim Ministar Indiya, Indira Gandhi, ita ta fi kowa fito da wannan ra'ayi, inda ta nuna cewa ba za a iya raba matsalar muhalli da ta talauci ba. A daidai wannan lokaci fari yana cin yankin Sahel, wanda ya kashe dabbobi masu ɗimbin yawa a Nijar da arewacin Nijeriya tsakanin 1972 da 1974.

Sasanta waɗannan ra'ayoyi biyu shi ne aikin da aka ɗora wa kwamitin da Majalisar ta kafa a 1983 a ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norwe. Cikin wakilan kwamitin har da ɗan Nijeriya, Dokta Bukar Shaib, likitan dabbobi daga Borno wanda ya riƙe muƙamin ministan aikin gona. Rahoton da suka fitar a 1987 shi ya ba manufar ma'anar da aka fi sani, wadda za a iya taƙaitawa da cewa mutanen yau su ci rabonsu ba tare da sun cinye na jikokinsu ba. Taron Riyo na ƙasar Birazil a 1992 ya mayar da wannan ma'ana zuwa ƙa'idoji 27. Huɗu daga cikinsu ne suka fi shafar wannan nazari: wanda ya ɓata shi zai biya kuɗin gyara, rashin cikakkiyar hujjar kimiyya ba dalili ne na jinkirta rigakafi ba, a binciki illar kowane babban aiki kafin a fara shi, a kuma saurari jama'ar da abin zai shafa.

3.0 Shigowarta Nijeriya

Za a iya cewa abin kunya ne ya shigo da manufar cikin dokokin Nijeriya. A 1988 aka gano cewa an jibge dubban gangunan guba, sama da tan 3,000, da aka kwaso daga Italiya, a wani fili a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta tashi hukunta masu laifi, sai ta tarar babu wata tsayayyar dokar muhalli a ƙasar. Kafin shekarar ta ƙare aka kafa Doka ta 42 a kan shara mai guba da Doka ta 58 wadda ta samar da hukumar kare muhalli ta tarayya, wato FEPA. Manufar ƙasa a kan muhalli ta biyo baya a 1989, sai Doka ta 86 ta 1992 wadda ta wajabta binciken illa kafin manyan ayyuka. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2007 kuma hukumar NESREA.

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin kare muhalli a sashe na 20. Amma wannan sashe yana cikin babi na biyu ne, wanda tsarin mulkin da kansa ya hana kotuna tilasta aiki da shi. Wato an rubuta alkawari, aka kuma rubuta cewa ba mai iya bin bashinsa.

Ta fuskar kuɗi an ɗan taɓuka. Bayan yafe wa Nijeriya bashin dala biliyan 18 a 2005, an karkatar da wani kaso na abin da aka tsira da shi zuwa muradun ƙarni guda 8 na shekarar 2000, a ƙarƙashin ofishin da Amina Mohammed ta jagoranta. Ita ce kuma daga baya ta zama mai ba Sakatare Janar shawara wajen tsara muradu 17 da aka amince da su a 2015, waɗanda wa'adinsu zai cika a 2030.

4.0 Gwajin Manufar a Ƙasar Lafiya

Muhammadu Dunama ne ya kafa Lafiya a ƙarshen ƙarni na 18, tare da jama'arsa Barebari, shi ya sa ake ce mata Lafiyar Barebari. Arzikin yankin tun da can daga ƙasa yake fitowa. Fatake sun daɗe suna zuwa Keana da Awe sayen gishiri, wanda mata ke tacewa daga ƙasa mai gishiri su dafa a kan wutar itace. Zuwan jirgin ƙasa a shekarun 1920 ya buɗe wa doya da riɗi hanyar kasuwa. Babban sauyi ya zo ne ranar 1 ga Oktoba 1996, da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Nasarawa daga Jihar Filato ta mayar da Lafiya hedikwata. Ma'aikata suka kwararo, gonakin gefen gari suka koma filayen gini. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum kusan miliyan 1.9.

Wanda ya bi hanyar Lafiya zuwa Akwanga har Keffi ba zai rasa ganin buhunan gawayi a jere a bakin titi ba, mafi yawansu Abuja za su. Itacen da ya fi ba da gawayi mai kyau shi ne kirya, wadda maƙera suka sani tun tuni, ita kuwa tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Da ta yi ƙaranci sai gatari ya koma kan kaɗanya, wadda a da ake jin kunyar taɓawa saboda man da mata ke samu daga 'ya'yanta. Wannan ita ce ainihin matsalar da ta tayar wa Carlowitz hankali shekaru 300 da suka wuce. Amma ba adalci ba ne a ɗora laifin a kan mai ƙona gawayi kaɗai. Magidancin da kananzir da iskar gas suka fi ƙarfinsa, musamman bayan tsadar rayuwar da ta biyo cire tallafin man fetur a 2023, ba shi da abin da zai ɗora tukunya a kai sai gawayi. Hana sara ba tare da samar da makamashi mai sauƙi ba, maimaita kuskuren da Indira Gandhi ta yi gargaɗi a kansa ne.

Batun fili ya fi wannan zafi, domin ya ci rayuka. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta tanadi wuraren kiwo, amma kaɗan daga ciki aka tabbatar a hukumance, burtali da yawa kuma suka shige cikin gonaki. Da Jihar Binuwai ta fara aiki da dokar hana kiwon sake a Nuwamba 2017, garkunan shanu suka tsallako zuwa ƙananan hukumomin Awe da Keana da Doma da Obi, inda manoma Alago da Tibi da sauransu ke noma. A kan wannan ƙasa ɗin dai ake yanka manyan gonaki, kamar gonar shinkafa ta kamfanin Olam a Rukubi da ta rake ta kamfanin Ɗangote a Tunga. Waɗannan suna kawo aikin yi da abinci, babu musu. Tambayar ita ce ko ƙa'idar sauraron jama'a tana samun gurbi, tunda Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna.

Ma'adinai su ne abin alfaharin jihar, har tana yi wa kanta kirari da su: baraiti a Azara, kwal a Obi, kuza a Udege, ga kuma litiyam da ake yin batir da shi, wanda aka buɗe masana'antar tace shi a jihar a watan Mayu na 2024. A nan akwai abin mamaki. Motocin lantarki da ƙasashen Turai da Sin ke ƙerawa domin rage hayaƙi, da sunan ci gaba mai ɗorewa, su ne suka ɗaga darajar litiyam, ramin kuwa a gonar wani ake haƙa shi. Sashe na 44 na tsarin mulki ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinai, saboda haka daga Abuja lasisi ke fitowa, alhali gwamna ke riƙe da saman ƙasar, talaka kuma ke shan ruwan rafin. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin, ya kuma gyara ƙasar bayan ya gama. Masu haƙar gargajiya, waɗanda su ne da yawa, ba sa cikin rajista balle a bi su da wannan sharaɗi. Jihar ba ta bukatar zuwa nesa domin ganin ƙarshen irin wannan hanya. Kududdufan da kamfanonin kuza suka bari a tsaunukan Jos tun zamanin Turawa suna nan ba a cike su ba, gubar dalma daga haƙar zinariya kuma ta kashe yara kimanin 400 a Jihar Zamfara a 2010.